Huɗun Da Baba Ya Jefa Wa Ƙanensa

Babana mai yankan gilashi ne. Ya yi shekara arba'in da ɗoriya a wannan sana'a, kuma in ka karaɗe unguwarmu kana neman wanda ya taɓa cuta, wahalar banza za ka yi. Ni da na fito daga jikinsa ma wani lokaci har haushin gaskiyarsa nake ji. Amma mutumin nan ya yi shekara ashirin da biyu yana ɗauke da laifi guda a ransa, laifin da ya yi wa ƙanensa a wasan lido. E, lido. Ni ma ranar da ya gaya min sai da dariya ta taso min, Allah ya taimake ni na haɗiye ta.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne mai tsawo, ƙofa ɗaya, babu taga. A tsakiya akwai babban tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo don kada gilashi ya karce. Jikin bango kuwa madubai ne a jingine, na masu aski da na teloli da na amare, kowanne yana jiran mai shi ya zo ya ɗauka. Abin yankansa ɗan ƙarfe ne kamar biro, da ƙwayar lu'ulu'u a bakinsa. Ya tsoma shi a kananzir, ya ɗora rula, ya ja, ka ji ƙiiii, sai ya kawo gilashin bakin tebur ya danna, ƙas, ya rabu biyu. Sau ɗaya ake ja. Tun ina ƙarama yake gaya min cewa wanda ya koma ya sake bin layin da ya riga ya ja, ya ɓata gilashin, ya ɓata abin yankan.

A wancan lokacin, kafin waya ta zo ta sunkuyar da kan kowa, ba ka wuce shago uku da yamma ba ka ji ƙarar ƙwayar lido a cikin gwangwani ba. Dattawa suna dara da murafun kwalba, yara suna maciji da tsani a dandamali suna kuka in maciji ya haɗiye su, amma lido na kowa ne. Wanda bai sani ba, ga yadda yake: gida huɗu, kowane gida da launinsa da 'ya'yansa huɗu. Sai ka jefa shida ɗanka zai fito, ya zagaye allon kaf, sannan ya shige. In ɗan wani ya sauka a kan naka, ya ci shi ke nan, ka koma farko kana jiran wani shidan.

Allon kwali ne, shayi ɗaya in ya zube a kai ya gama aiki. Baba ne ya fara yi musu firem na katako yana rufe su da gilashi, nan da nan kuwa ciniki ya buɗe. Samari suna kawo hotuna a sa musu a gidajen huɗu, wannan ɗan ƙwallo, wannan mawaƙi, wannan budurwa. Bayan wata biyu sai ka ga saurayi ya dawo da allo a hammata yana sunne kai, wai a cire masa hoton gidan kore. Baba bai taɓa tambayar dalili ba, sai dai ya ce, "A bar gidan haka, ko da wadda za ta shiga?"

Shi kansa yana da teburin wasansa a cikin shago, kullum bayan la'asar, su huɗu ba sa canzawa. Baba ne ja, yana ba ƙofa baya don haske ya faɗo kan allo. Baba Akawu, wanda yake aikin rubutu a wani ofis, shi ne rawaya, yana fuskantarsa. Baba Mai Aski shuɗi. Kore kuwa na Baffana ne, autansu Baba, direban tasi, wanda kowa yake kira Direba. Ƙwaya ɗaya suke jefawa, a cikin wata tsohuwar robar magani.

Duka huɗun masu sana'a ne, ko yaushe ana iya kiran mutum ya tashi. Don haka suka kafa doka: in ka tashi, na kusa da kai zai riƙe maka hannu. Zai jefa maka, ya taka maka 'ya'ya kamar yadda kai da kanka za ka taka, ko da nasa ɗan za a ci. Amana suke kiran abin, kuma ba sa ɗaukar wargi a kai. An ce Baba Mai Aski ya taɓa cin 'ya'yansa uku a jere da hannun Baba Akawu, yana ci yana tsine wa ƙwayar.

Baffa mutum ne mai hayaniya, dariyarsa tana riga shi shiga gida. Baba ne ya riƙe shi tun rasuwar kakanmu, shi ya kai shi koyon tuƙi, shi ya yi masa aure. A waje ba ya haɗa ido da Baba, Yaya kaza, Yaya kaza. Amma da zarar an zauna kan allo, kunya ta ƙare. Ya ci ɗan Baba, ya ɗaga shi sama ya yi masa kirari, sannan ya mayar masa da shi gida da hannu biyu wai ladabi.

Abin da muka sani game da rasuwarsa shi ne wannan. Suna cikin wasa wata maƙwabciya ta shigo a gigice, mijinta ya yanke jiki ya faɗi, a taimaka a kai shi asibiti. Baffa ya miƙe ya ce, "Yaya, riƙe min hannu, yanzu zan dawo." Ya kai su lafiya. A hanyar dawowa ne ya haɗu da babbar mota a shataletale. Waɗanda suka gani sun ce gudu yake sosai, abin da ya ba kowa mamaki, don Baffa duk hayaniyarsa ba ya gudu da mota, har fasinja kan yi masa mita. Mutumin da ya kai asibitin kuwa sai da ya ƙara shekara goma a duniya yana sayar da gawayinsa. Allah ya gafarta min, na daɗe ba na amsa gaisuwarsa da daɗin rai.

Tun daga ranar Baba bai sake taɓa ƙwaya ba, bai sake yi wa allo firem ba. Muka ce baƙin ciki ne. Ina gidan mijina lokacin da goyon fari, ban sa ido sosai ba. Abin da dai na lura da shi, in na biya shagon da yamma nakan same shi zaune shi kaɗai a kujerarsa, bayansa ga ƙofa, hannunsa a kan gwiwa. Madubai sun kewaye shi, sai ka ga kamar mutum huɗu ne zaune sun yi jugum. Sai in yi sallama da ƙarfi tun daga waje.

Bara yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali. Ya yanke yatsa sau biyu a wata ɗaya. Ni malamar makaranta ce, shekara ashirin ina tsawa ga yara, kuma ban iya ajiye muryar a ofis ba. Na je na tsaya a kansa na ce shagon nan an rufe shi, ya dawo gidana, magana ta ƙare. Ya ce, "Uwata, ki bar ni in ƙarasa shekarar." Na ce da wane yatsan? Ya sunkuyar da kai, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin e.

Ranar kwashe kaya, na ja wata tsohuwar kanta sai na ga abu a bayanta, naɗe cikin zanen Innarmu marigayiya. Na buɗe. Allon lido ne, amma firem ɗinsa mai zurfi, kamar akwati. 'Ya'yan suna ciki, kowanne a inda yake, an manne su da gam. Ƙwayar tana tsakiya, ita ma a manne, huɗu a sama. An rufe duka da gilashi, an bi gefen da ƙananan ƙusoshi a jere, irin aikin da Baba yake yi in ya so abu ya daɗe.

"Baba, wannan fa? A zubar?"

"Ajiye."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na ajiye a kan tebur. Ya lalubo kujera ya zauna, ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin, ya ce in rufe ƙofa kada masu ɗaukar kaya su shigo.

Ya ce a makon da abin ya faru Baffa ya ci shi sau goma sha ɗaya a jere, har ya haɗa masa waƙa yana rerawa a bakin titi. Ranar kuwa, Allah ya kawo Baba kusa. 'Ya'yansa uku sun shige, na ƙarshe ya zagayo allo kaf, saura ƙiris ya kama layin gida. Ɗan Baffa ɗaya yana bayansa da taki huɗu. Sai matar nan ta shigo, Baffa ya tashi, ya bar masa hannu. Baba ya girgiza roba ya jefa wa ƙanensa. Huɗu.

"Na duba," in ji shi. "Mai Aski ya juya yana tambayar matar jikin mijinta. Akawu ya cire tabarau yana gogewa. Sai na ɗauki wani koren, can baya, na taka shi huɗu. Na bar nawa."

Na jira in ji sauran. Babu saura. Wasan ma ba a ƙarasa ba, suka ce a jira Direba, suna nan zaune har labari ya iso.

A nan ne dariyar ta taso min na danne ta, sai masifa ta maye gurbinta. Na ce haba Baba! Shekara ashirin da biyu! Mutane suna cinye gadon marayu suna barci har da minshari, kai kana nan kana kashe kanka a kan 'yar roba kore? Kai ka kawo babbar motar? Kai ka riƙi 'ya'yansa uku har suka yi aure, wace amana ce ta wuce wannan? Na yi ta zuba, yana saurare har na gaji.

"Kin gama?" ya ce. "Ba hannuna ba ne, Uwata, nasa ne. Maganarsa ta ƙarshe da ni a duniya ita ce riƙe min. Abu na ƙarshe da na yi masa yana da rai kuma shi ne wannan. Ban san ta ƙarshe ba ce, amma ita ce."

Ya ce ya roƙi Allah gafara ba adadi, amma abu ne tsakaninsa da mutum, kuma mutumin ba ya nan. Abin da ya rage masa shi ne ya faɗa a gaban waɗanda aka kafa dokar da su, ya taka huɗun nan yadda ya kamata. Da Baba Mai Aski ya kwanta ciwon ajali, sau uku yana zuwa da niyyar faɗa, sau uku yana dawowa da maganarsa a baki. Yanzu saura Baba Akawu, shi kuma tsufa ya fara rikita shi, wata rana ya gane mutum, wata rana ko 'yarsa bai sani ba.

"In ya tafi, ko hankalinsa ya ƙarasa tafiya, shi ke nan babu wanda zan gaya wa. Ki kai ni."

 Na buga wa 'yar Baba Akawu waya, ta ce mu zo da hantsi, lokacin ya fi zama daidai.

Muka same shi a ɗakin da ta ware masa, zaune a kujera kusa da taga, an rufe masa ƙafafu da bargo. Ɗakin yana warin man zafi. Tabaraunsa na nan, an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Ya dube ni ya washe baki ya ce, "A'a, Amarya! Ina 'yar taki mai bakin tsiya?" Innarmu yake nufi, wadda ta yi shekara bakwai a ƙasa. Na ce tana makaranta, Baba. Babana kuwa, tsohon bai gane shi ba sam, ya gaishe shi gaisuwar baƙo.

Na jawo ƙaramin tebur, Baba ya ɗora allon, ya zauna yana fuskantar Baba Akawu. Ya fito da abin yankansa daga aljihu. Na buɗe baki zan hana, ya ɗaga min hannu. Ya lalubi gefen firem da yatsa, ya ja sau ɗaya a kowane gefe, ya ƙwanƙwasa, gilashin ya ɗago gaba ɗayansa ko tsagewa bai yi ba. Sannan ya bi 'ya'yan da bakin wuƙa yana ɓamɓare gam, yana mayar da kowanne daidai inda yake.

Ina kallo hannun Baba Akawu ya fito daga cikin bargo, ya tafi kai tsaye kan rawaya ya gyara wa ɗa ɗaya zama. Ya matso da fuskarsa. Leɓensa yana motsi, yana ƙirga gidaje. Ya ɗago ya dubi Baba.

"Mai Gilas," ya ce. "Wa ke da hannu?"

Baba ya ce, "Direba ne. Ni nake riƙe masa. Akawu, ka saurare ni da kyau. Na jefa masa huɗu, huɗun nan na cin ɗana ne, ga shi nan. Na ƙi ci. Na taka wancan. Na ci amana, kuma na ɓoye muku."

Baba Akawu ya dubi allon, ya dubi Baba, ya yi 'yar dariya ta hanci.

"To ai na gani."

"Ka gani? Kana goge tabarau."

"Tabaran karatu ne, ai ba makaho ba ne ni. Na gani mana. Shi ma ya gani."

 Ina jin 'yar gidan tana wanke kwanuka a can tsakar gida.

"Wa ya gani?" in ji Baba.

"Direba. Ai bai tafi ba. Yana bakin ƙofa a bayanka yana laluben makulli a aljihu. Babban madubin telan nan da ka jingina a bayana, ta ciki yake kallon allon. Da ka ɗaga kai ma da kun haɗa ido." Ya ɗaga yatsa ya ɗora a leɓe. "Haka ya yi min. Wai in yi shiru. Sai na yi shiru."

Na dubi Baba. Ya riƙe bakin teburin da hannu biyu. Na san madubin da ake nufi, don telan bai taɓa zuwa ya ɗauka ba, yana cikin waɗanda muka ɗora a mota shekaranjiya.

"Akawu, fuskarsa fa? Dariya yake yi? Ko ransa ne ya ɓaci? Don Allah ka tuna."

Baba Akawu ya ƙura masa ido. Ina gani abin yana janyewa daga fuskarsa a hankali. Ya juya ya kalli taga, ya sake juyowa.

"Wa?"

"Direba! Ƙanena!"

"Af, Direba. Ya daɗe kuwa. Ka jefa masa mana, bawan Allah, yanzu zai dawo." Ya mayar da hannunsa cikin bargo, ya dube ni. "Amarya, baƙon nan an ba shi ruwa?"

 Can Baba ya ce, ƙasa-ƙasa, ba da ni yake ba, "Shi ya sa yake gudu."

 Ni na kawo shi, ni na buga wayar, da tunanin zai sauke kaya ya huta. Na durƙusa a gabansa na kama gwiwarsa, na ce, "Baba, dariya yake yi. Wallahi ka san Baffa. Ya kama Yayansa mai gaskiya dumu-dumu, ai sauri yake ya dawo ya haɗa maka sabuwar waƙa. In ransa ne ya ɓaci, da a take zai yi magana, yaushe Baffa ya iya shiru?"

Ya juyo da idonsa mai yana ya dube ni.

"Kina wurin, Uwata?"



Ya miƙa hannu ya lalubo koren da ya taka wancan lokacin, ya mayar da shi baya taki huɗu. Ya ɗauki ɗayan, ya ƙirga a fili, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya sauke shi a kan jan. Ya ɗauki ɗansa ja da hannu biyu, yadda Baffa yake yi masa, ya mayar da shi gida.

Yanzu yana gidana, a ɗakin da yake kallon ƙofar waje. Allon yana kan tebur kusa da gadonsa, babu gilashi, babu gam, kuma na hana kowa gogewa. Yana cin abinci, yana wasa da jikoki, wani lokaci har ya tsokane ni. Amma ya sa na juya masa kujera. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ba ƙofa baya, yanzu kullum bayan la'asar fuskantarta yake yi. In aka taɓa ƙofar, ko iska ce, sai ya ɗaga kai da sauri.